Sawun Sunan Jannat a Katanga

New Bell, Duwala
Talata, 16 ga Yuli

Zuwa ga aminina Malam Jibirin, a Garwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Hajiya Balkisu da 'ya'ya da jikoki. Yaya idon naka? Bilya direba, wanda zai kawo maka wannan, ya ce yanzu sai an karanta maka wasiƙa. In haka ne ka ba Hajiya ta karanta, kada ka ba jikoki. Ta yi haƙuri da rubutun, hannuna ya soma rawa.

Yau Talata, kwana tara ke nan ana ruwa a Duwala ba a ɗauke ba. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, Juma'a biyu ban je masallaci ba. Dokta ya ce tansiyo ne, wato hawan jini, da zuciya, ya ƙara mini ƙwaya ɗaya a kan ukun da nake sha. Ina ci kaɗan. Alhamdu lillahi, ba don ƙorafin jiki na ɗauko alƙalami ba.

An shafa wa gidana jan fenti. Ranar Alhamis wasu mutum uku suka zo da igiyar awo da takardu, suka ce za a faɗaɗa magudanar ruwan da ta bi bayan layinmu saboda ambaliya. Gaskiyarsu ce, bara ruwa ya kai mini gwiwa a tsakar gida. Ɗakuna za su tsira, amma katangar baya za ta tafi duka. Sun ba mu zuwa Litinin, sha tara ga Agusta.

Ka san katangar da nake nufi. Ita ta sa har yau unguwa ke kirana Malam Fir'auna, sunan da kai ka fara laƙaba mini muna ɗalibai a Alƙahira, Allah ya yafe maka.

Ka tuna hutun 1966, da ka zauna a ɗaki kana haddar nahawu, ni kuwa na bi Faransawan nan masu binciken kayan tarihi zuwa kudu ina yi musu tafinta? Na sha ba ka labarin har ka gaji, amma bar ni in sake, ba ni da wanda zan ba a nan. A wurin da ake kira Amarna, cikin wani kwari a hamada, muka shiga kabarin sarkin nan Akhenaton. Dutsen wurin ba shi da kyau, sai masu aikin suka yaɓe bangon da farin yaɓe suka yi sassaƙar a kansa. Ba su tayar da zanen sama ba, nutsar da shi suka yi cikin bango, ta yadda sai haske ya zo daga gefe ake ganinsa sosai. Yawancinsa ya lalace. Amma a wani ƙaramin ɗaki tsohon Usta, shugaban ma'aikata, ya karkata fitila, sai ga sarki da matarsa tsaye a kan gawar 'yarsu, sun ɗaga hannu zuwa ka suna kuka, sarkin kuma ya miƙa ɗaya hannun ya riƙe hannun matarsa. Fiye da shekara dubu uku, Jibirin, sarki yana kuka a bango, an rubuta sunan yarinyar don kada a manta.

Na san abin da za ka ce, ka faɗa tun a lokacin: mushrikai ne, aikin bai amfane su da komai ba. Ban musa ba. Amma da mahaifina ya rasu a 1974, damina ɗaya ta wuce na koma makabarta ban gane kabarinsa ba. Ruwa ya baje ƙasar, ciyawa ta rufe. Mu ba ma gina kabari, kuma haka ya dace. Sai na dawo gida na yaɓe katangar baya da siminti mai kauri, na zauna da ƙarfen sassaƙa da guduma. Ban zana mutum ko dabba ba. Sunaye ne kawai da ajami, layi bisa layi, yadda na gani a can. Kakana Zailani, da ya zo daga Kano da huhun goro zamanin Jamus, yana sama da manyan baƙaƙe, sai 'ya'yansa, sai mu. Kusa da kowane suna na sa ɗan abin da aka san shi da shi, goro, allo, almakashi. Sunaye arba'in da ɗaya. Yanzu zuriyar ta watse, wasu Yawunde, wasu Faransa, jikokin ba su karanta ajami. Gidan ya rage daga ni sai Jafaru ɗan haya, Bakano mai sayar da takalma, wanda duk ya gifta katangar sai ya yi a'uziyya a hankali, amma ba a hankalin da ba zan ji ba.

Ina so in ɗauki sawun katangar kafin ta faɗi. Usta ya koya mini a kan wani dutse: a jiƙa takarda mai kauri, a manna ta a kan rubutun, a yi ta bugunta da burushi har ta shiga kowane lungu, a bar ta ta bushe a wurin, sannan a ɓamɓaro ta. Rubutun zai taso a jikin takardar, har makaho zai karanta da yatsa. Kai ma ke nan. Na aiki Jafaru ya nemo mini takardar buhun siminti. Ka taya ni addu'a a sami rana ko ta kwana uku ce.

A wasiƙarka ta bara ka tambayi 'yata Jannat. Tana lafiya, tana unguwar Makepe nan Duwala da mijinta da 'ya'yanta, tana nan a biro ɗin, wato ofishin da take aiki.

Ka gaida Hajiya. Ka huta lafiya.

Naka,
Haliru Zailani


New Bell, Duwala
Lahadi, 28 ga Yuli

Aminina Jibirin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyali, ina fata ruwan Garwa na albarka ne ba irin namu ba. Ban jira amsarka ba, Bilya zai sake ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa gobe.

Yau Lahadi. Kumburin ya hau zuwa gwiwa, in na taka daga ɗaki zuwa katanga sai na zauna na huta sau ɗaya a hanya. Ka san tsakar gidan, ba ta fi taki goma sha biyu ba.

Aikin bai yi ba. Na fara da layin kakana, na tsaya a kan benci Jafaru yana riƙe da ni ta baya yana istigfari, na buga takarda huɗu cikin kwana biyu. Na rufe su da leda saboda ruwa. Abin da na manta shi ne Usta a hamada ya koya mini, inda takarda ke bushewa kafin a gama shan shayi. A nan kwana huɗu tana jiƙe. Da na ɗaga ledar na tarar fumfuna ta ci ta, baƙa da kore, na ja ta biyo hannuna kamar tuwon da ya kwana. Shekara hamsin da takwas ina riƙe da wannan ilimi a kaina ina alfahari, ban taɓa tunanin ilimin wata ƙasa ne ba.

Tasalla ta yi mini dariya. Ba na jin ka san ta, maƙwabciyata ce, mijinta ya rasu, tana da tebur a kasuwar Dakar ta nan Duwala tana sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ita ke aiko mini da kunu da safe. Ta ce duniya ta ci gaba, Malam Fir'auna yana nan yana dukan bango da burushin takalmi, me ya hana a ɗauki hoto da waya? Jafaru ya ɗauka, ko da yake sai da ya ce shi ba da niyyar taimakon bidi'a ya yi ba, don haƙƙin maƙwabtaka ne. Ya miƙo mini wayar. Sama a lulluɓe take, ba inuwa, siminti ya yi gansakuka. Sunayen duk sun narke cikin toka-tokar bango. Abu ɗaya ne ya fito sarai a hoton, wani rami a layin ƙasa, fari, mai faɗin tafin hannu biyu. Jafaru ya tambaye ni ko harsashi ne ya taɓa samun wurin.

Jibirin, na yi maka ƙarya shekara goma sha tara. Ban san ko Jannat tana lafiya ba sai abin da Tasalla ta gaya mini. Rabona da ganin fuskarta tun sadakar bakwai ta uwarta.

Ka tuna na zo Garwa bikin 'yarka a 2005, aka kira ni a waya na bar taron ban yi sallama ba. Na ce maka matata Dije ta rasu ba zato, ka yi mini ta'aziyya, maganar ta tsaya nan. Ga abin da ban faɗa ba. Bayan tafiyata da kwana biyu ciwon ciki ya kayar da ita. Jannat ta kai ta lopital, wato asibiti, suka ce sai an yi aiki nan take, aka nemi mai sa hannu. An neme ni ba a same ni ba, muna can wajen walima. Jannat ta sa hannu. Dije ba ta farka ba. Kafin in iso an binne ta.

Na zauna makoki ban ce wa yarinyar uffan ba. Ranar bakwai, tsakar gida cike da mutane, ta kawo mini ruwa ta durƙusa. Ban karɓa ba. Na tashi na shiga ɗaki na ɗauko ƙarfe da guduma, na je layin ƙasa, inda sunanta yake ƙarƙashin nawa da na Dije, na yi ta sara har ya zama rami. Ba wanda ya riƙe ni. Na ce da ita, a gaban kowa, wadda ta sa hannu aka yanka uwarta ba ta da suna a gidan nan. Na san abin da nake yi, don na gani a Masar. In suka so kashe mutum sau biyu, sunansa suke bi su kankare daga bango. Sarkin nan mai kuka ma haka aka yi masa bayan mutuwarsa. Ni kaɗai a duk New Bell na san wannan hukunci, kuma 'yata ɗaya tilo na yi wa.

Ta ajiye kofin a ƙasa ta fita. Ba ta yi kuka ba.

Akwai saura, Hajiya ta yi haƙuri ta karanta. Daren da zan tafi Garwa Dije ta ce mini cikinta na murɗa tun sati guda, ko zan fasa tafiyar. Na ce ta jiƙa kanwa ta sha. Wannan ba wanda ya sani, har Jannat. Da nake saran bangon nan, sunan da ya kamata in sara yana ɗan sama kaɗan.

Na gaji. Ka faɗa mini duk abin da ka ga dama, na cancanta.

Wassalam. Naka,
Haliru


New Bell, Duwala
Lahadi, 11 ga Agusta

Aminina Jibirin,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Wasiƙarka ta iso ranar Talata, na gane rubutun Hajiya, na kuma gane inda ta sassauta maganarka, don na san ba da "ɗan'uwana" ka fara ba. Ina gaishe ku, Allah ya saka da alheri, ya ƙara wa idon sauƙi.

Yau jikin da ɗan dama. Na ci rabin makala, fanken nan namu na Duwala, da shayi. Numfashi ne dai in na kwanta, sai na jingina da filo uku.

Ka ce in bar bango in tafi wurin mutum, siminti ba ya yafewa. Ka ce ko a bayan bensikin, babur ɗin haya, ne a ɗaure ni a kai ni Makepe. Ka yi gaskiya, kullum kai ne mai gaskiya, shi ya sa zama da kai ke da wuya tun a Alƙahira. Na taɓa zuwa. Shekara goma da suka wuce na ɗauki taksi har ƙofar gidanta, ƙofa ce mai shuɗin fenti da furanni a kan katanga. Na ji muryar yara a ciki. Direba ya tambaye ni ko nan ne, na ce a'a, mun yi ɓata, ya mayar da ni. A lokacin ina da ƙafa ba ni da zuciya. Yanzu dokta ya ce zuciyar ma ta kumbura, kuma ko bakin titi ba na iya kaiwa.

Bari in gaya maka abin da ya faru, ko da yake za ka ce na sake komawa bango.

Na yi niyyar cike ramin da sabon siminti in sake rubuta sunanta kafin a rushe, ko na sati ɗaya ne. Har na sa Jafaru ya kwaɓa mini a tsohon kwano. Na zauna gaban wurin sai na tuna Usta. Ya taɓa nuna mini inda wani sarki ya cike sunan wanda ya gabace shi da yaɓe ya rubuta nasa a kai. Da shekaru suka yi nisa cikon ya zube, sunayen biyu suka haɗu, ba a iya karanta ko ɗaya da kyau. Ya ce ciko shi ke fara faɗuwa. Ban da haka, da hannun nan nawa, abin da zan rubuta ba zai yi kama da suna ba. Na bar simintin ya daskare a kwano. Na ce bari dai in ɗauki sawun ramin yadda yake, in san girman abin da na yi.

Tasalla ce ta warware maganar bushewa. Ta shigo ta tarar ina buga takarda, ta ce shekara talatin tana busar da kuɓewa a daminar Duwala, ni da na je Masar ban san a tambayi mai kayan miya ba. Ta ɗauko murhunta na gawayi ta ajiye kusa da bango, ta kafa kwanon rufi ya tare ruwa, ta zauna tana fifita tana zagina har takardar ta yi ƙarfi. Muka ɓamɓaro ta a hankali, ta ƙarasa busar da ita a kan ragar da take shanya kayanta. Har yanzu tana warin daddawa.

Na kai ta bakin taga na karkata ta. Duk saran da na yi ya taso kamar kunyoyin gona. Amma a tsakaninsu, Jibirin, akwai wani abu. Na sa yatsa na bi. Cikin harafin jim yana nan, da ɗigonsa. Haƙorin nun yana nan. Harafin ta na ƙarshe kusan cikakke ne. Ido ba ya ganinsu a bango saboda fari da kaushin wurin, takarda kuwa ta shiga har ƙasa ta ɗauko su.

Sai na tuna dalili. Sauran sunayen na farko na yi su ne siminti bai gama ƙarfi ba, cikin kwana biyu. Nata kuwa bayan shekara aka haife ta, bango ya riga ya zama dutse, bayan ɓari uku da Dije ta yi. Kwana shida na yi ina sassaƙa kalma ɗaya, daga haihuwa zuwa suna, ina zurfafawa, Dije na leƙowa ta taga tana cewa zan huda katangar mu ga kwata. Ranar sadakar bakwai ta Dije na sara da duk ƙarfina, amma fushin rana ɗaya bai kai zurfin aikin kwana shida ba. Na riƙe takardar na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce mini an binne Dije. Tasalla ta tattara murhunta ta fita.

Sauran sunaye arba'in ba zan iya ba. Wannan guda ɗaya ta kwantar da ni kwana biyu. Na kwafe su a littafi da biro, amma rubutu a littafi kowa na iya yi, kuma ban san wanda zai buɗe shi ba. Kakana da huhun goronsa za su bi katafila.

Jannat takan zo teburin Tasalla lokaci-lokaci ranar Asabar, ta ce kukar Makepe ba ta da ɗanɗano. Shekara goma sha tara suna haɗuwa, sharaɗinsu kada a ambace ni. Jiya Tasalla ta karya sharaɗin. Ta gaya mata jan fenti, da ƙafafuna, da takardar. Na so ta ce ina neman gafara, ta ce wannan ba kayan aike ba ne, ba za ta ɗauka ba. Ita kuma ta so in ba ta takardar ta kai, na ce da hannuna zan miƙa. Ta ce har yanzu sarautar ba ta sake ni ba.

Na sa ta maimaita mini yadda aka yi sau uku. Ta ce Jannat ba ta ɗago kai ba, ta ci gaba da zaɓen daddawa. Can ta tambaya da Faransanci ko ina shan magunguna a kan lokaci. Da ta ɗaure kayanta ta juya za ta tafi, sai ta ce Asabar mai zuwa bayan la'asar, in Allah ya so. Tasalla ta ce gashinta ya soma fari a gefen ɗankwali. Ban taɓa tunanin haka ba. A raina tana nan shekara talatin, durƙushe da kofi.

Asabar sha bakwai ne, rushewa Litinin sha tara. Za ta ga bangon da idonta, in ɗora yatsanta a ramin, sannan in gaya mata maganar kanwa. Ban sa ran ta yafe ba. Ina so dai ta san ba ita ba ce.

Ku sa ni a addu'a. Ka huta lafiya.

Naka,
Haliru


New Bell, Duwala
Asabar, 17 ga Agusta

Aminina Jibirin,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa gare ka da Hajiya da dukan gida. Ina fata kuna lafiya.

Yau Asabar. Tun jiya ƙafar hagu ta soma tsattsafo da ruwa, Tasalla ta naɗe mini ita da tsohon zane. Na yi azahar a zaune. Ina rubuta wannan a baranda, don in sami abin yi da hannuna kafin la'asar.

Katangar ta tafi tun Laraba. Aikin layin da ke gabanmu ya ƙare da wuri, sai mai katafila ya zarce. Mutumin kirki ne, ya sauko ya yi sallama, ya ba mu lokaci mu kwashe tukwane da igiyar shanya. Na ce masa takarda ta ce Litinin, ya ce shi ma an gaya masa, amma injin haya ne, ba zai tsaya yana jiran Litinin ba. Ban ja ba. Na sa aka fito mini da kujera. Sau biyu kawai ya tura ta. Shekara hamsin, ban gama karanta Fatiha ga kakana ba ƙura ta lafa, ruwan sama ya kwantar da ita.

Abin da ya ba ni mamaki Jafaru ne. Ya ajiye buhun takalmansa ya shiga cikin ɓaraguzan yana juya su da hannu, har babbar mota ta zo kwasa. Ya kawo mini gutsure uku. Ɗaya rabin goro ne, ɗaya almakashin Dije, ɗaya baƙi biyu da ban gane na sunan wa ba ne. Ya ce har yanzu yana nan a kan bakansa bidi'a ce, amma bai so ya ga ana zuba sunayen Musulmi a kwata ba. Na layin ƙasa bai samu ba, nan bakin injin ya fara ci.

Yanzu daga inda nake zaune ina ganin magudanar ruwa da bayan gidajen wancan layi, da mutane suna wucewa a kan katako suna kallon cikin gidana. Wata mata ta gaishe ni da Faransanci ta ce gidan ya yi haske.

Na roƙi Tasalla kada ta aika wa Jannat cewa an rushe, ina tsoron ta ce to me za ta zo gani. Tasalla ta ce wannan ma wata ƙaryar ce, ba na gajiya. Ba ta dai aika ba. Yau ta tashi kasuwa da wuri, ta ce Jannat ba ta biyo ta teburin ba, amma ba kowace Asabar take zuwa ba dama. Ta share mini baranda, ta kawo kujera ta biyu daga gidanta, ta dafa shayi da citta ta zuba a fulas. Na sa farar rigata ta Idi, ta yi mini yawa. Takardar tana kan cinyata cikin tsohuwar jakar da na zo da ita daga Masar. Na yi ta gwada yadda zan fara. In na fara da takardar, za ta ce bango na kira ta ta gani ba ita ba. In na fara da kanwa, ƙila ta tashi kafin in kai ga takardar. Na tsai da shawara in fara miƙa mata ruwa.

An kira la'asar. Zan ajiye alƙalami.

Na dawo. Ƙarfe biyar ta wuce. Taksi biyu sun tsaya a bakin layi, ɗaya mai kayan gwanjo ne, ɗaya ban ga wanda ya fito ba. Ruwa ya sake saukowa. Tasalla ta ce in ana ruwa hanyar Makepe takan cushe, mutum sai ya yi awa biyu a mota. Na ce haka ne. Ta kira lambar da take da ita sau biyu, tana shiga ba a ɗauka. Na hana ta kira na uku.

Ina ta tunanin sarkin nan. Sun kankare sunansa, sun watsar da garinsa, amma hannun da ya miƙa ya riƙe matarsa yana nan, wani ɗan New Bell ma ya je ya gani. Ni na kwafo layukansu da zurfin sassaƙarsu, har da hukuncinsu na kwafo. Hannun ne ban kwafo ba, kuma shi ne abin da aka karkata fitila aka nuna mini.

Jibirin, in ka ji labarina, ga amana. Littafin sunaye a ba duk wanda ya tambaya daga zuriyar, in an samu. Jakar kuwa na gaya wa Tasalla ta ajiye ta ƙarƙashin teburinta a kasuwa, inda ruwa ba ya taɓawa, ta miƙa wa Jannat ranar da ta zo sayen kuka. Wasiƙata ta biyu da ke hannunka, ka ba Bilya ya kawo a haɗa da ita. Kada Hajiya ta sassauta komai a ciki.

Ka yafe mini ƙaryar da na yi maka. Ka gaida Hajiya da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Haliru Zailani

Ƙari: An kira magariba. Tasalla ta zo ta ɗauki kujerarta, ta ce in ana bukata gobe za ta dawo da ita. Shayin ya huce a fulas, kofin ruwan yana nan inda na ajiye shi. Jannat ba ta zo ba.